Abin da Inna Ke Faɗa

Abdulwahab mai ɗaukar bidiyo ya sake mayar da hoton bikinsa baya. Ga marigayiya Inna a bakin zaure, leɓenta na motsi, kiɗa ya danne muryarta.

"An ce baɗi za a fito da kyamara mai karanta leɓe," ya ce wa ƙanwarsa Munira. "Sai na ji abin da take faɗa."

Shi ne ɗan fari. Saboda kunya, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Munira ta sunkuyar da kai. "Yaya, ba sai ka jira ba. Na gane motsin leɓen nan, sunanka ne. Shi ta yi ta kira ranar da za ta cika, kana Kafin Hausa wajen ɗaukar biki."