Su Zo Su Ɗauki Turken

"Na ce ba za ka soka wa akuyata allurar nan ba, Sallau. Ko da Hausar wani gari nake yi maka magana?"

Ni dai aron kanwa ya kai ni gidan, amma da na ji muryar Gwaggo Tabawa ta tashi sai na kifa turmi na zauna. Ɗan wanta ne Sallau, shi ke bi gida-gida da akwatin sanyi yana yi wa dabbobi allurar masu bincike tun da hukuma ta kafa dokar yin ta.

"Gwaggo, ƙwayar cuta ce da aka horar, ba ta kisa. Ba ma ita kanta ƙwaƙwalwar dabbar take taɓawa ba. 'Yan hidimarta kawai take canjawa, masu ciyar da ita da yi mata shara, don likitoci su ga abin da zai faru."

"Gidan da aka canja masu tuwo da masu shara, gidan da ka sani ne kuwa?"

Na ce a raina, faɗi ki ƙara. Duk unguwa mun san akuyar Malam Ɗanjuma. Tun da aka yi mata allurar ta daina ɓarna, har yana yabonta a majalisa. Ran da ta haihu kuwa ko lasar ɗan ba ta yi ba, ta tsallake shi ta tafi cin dusa.

Ga ta Gwaggo nan, Kyalla, ciki ya tsufa, haihuwa yau ko gobe.

Sallau ya ce, "In na koma ban yi ba, gobe hukuma za ta zo ta ɗauke ta."

"Su zo su ɗauki turken."

Ta kwance igiya, ta yafa mayafi, ta ja Kyalla suka fice, ta bugo ƙyauren zaure har ƙasa ta zubo daga rufi.