Wa Ya Kawo Ciwon Hanta Gidan Nan?

Uwar miji ta tara dangi a falo, tana nuna maijego da yatsa. "Ita ta sa wa jikana ciwon hanta tun yana ciki! Wallahi wadda ta kawo cutar nan, yau za ta bar gidan nan!"

Maijego ta gyara goyonta. Ta daɗe tana haɗiye gori, tana lallaɓa ƙannen mijinta asibiti a ɓoye.

"Kowa dai ya ji rantsuwar Mama," in ji ta. "Baban yaro, faɗa mata."

Mijin ya sunkuyar da kai. "A wurina ta ɗauka, Mama. Duk mu da kika haifa, da cutar muka zo duniya."

Maijego ta miƙe har da ɗan rusunawa. "Mama, wane akwati zan fara ɗauko miki?"