Fito Biyu Daga Saman Bene

Kanari birkila ne, kuma bakinsa ne ya jawo masa wannan suna. In ya haɗa leɓe ya yi fito, har mai shayin ƙarshen layi sai ya ɗago kai.

A ginin bene mai hawa uku da suke aiki, maigidan aikin ya kafa doka tun ranar farko. Ƙarar injin kwaɓa siminti ba ta barin a ji kira, don haka duk na sama in ya ga wani abu zai faɗo, sai ya yi fito biyu gajeru. Na ƙasa da ya ji, ba tambaya, kaucewa kawai.

Na ƙasan kuwa yayan Kanari ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke ɗaura bulo a igiya ana ja sama, kuma shi ya roƙa aka ɗauki ƙanen nasa aiki.

To, ginin a bakin hanya yake, Kanari kuwa ba ya iya ganin mace ta wuce bakinsa ya zauna lafiya. Ɗaliba ce ko matar aure, duk ɗaya ne a wurinsa. Wadda ya fi takura wa ita ce wata ma'aikaciyar jinya da ke bi ta nan kullum da hantsi. Fito biyu yake yi mata, ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ƙara sauri.

Da farko yayan da ya ji sai ya yar da igiya ya daka tsalle gefe. In ya ɗaga kai, sai ya ga ƙanensa yana washe baki yana kallon titi.

"Kai Kanari, ka ji tsoron Allah," in ji shi wata rana. "Da ƙanwarmu ake yi wa haka, za ka ji daɗi? Ga shi ka mayar da ni kwaɗo, kullum tsalle."

"Haba Yaya, fito ne fa, ba duka ba. Ai motsa jini nake sa ka."

Yau da gobe sai Allah. Kafin wata ya ƙare, yayan ya daina ko waiwaye.

Ranar da abin ya faru, bulo huɗu sun kusa isa hawa na uku, Kanari ya ga ƙullin igiyar yana warwarewa. Ya yi fito biyu da dukkan ƙarfinsa. Ya sake. Yayan yana duƙe yana jera wasu bulon, ko gezau bai yi ba.

A gadon bayansa suka sauka.

Kafin Kanari ya gama saukowa, ma'aikaciyar jinyar nan ta riga ta durƙusa a kan yayansa, tana hana mutane ɗaga shi da garaje. Ita ta sa aka kwantar da shi a kan katako, ita ta raka su asibiti. Kanari kuwa ya kasa haɗa ido da ita.

Likita ya ce rai ya tsira, amma ƙafafu ba za su sake ɗaukar shi ba.

Kwana uku Kanari na raɓe a ƙofar ɗakin, kunya ta hana shi shiga. Da ya shiga, sai ya durƙusa a gefen gado yana kuka.

"Yaya, wallahi na yi fito. Har sau biyu na yi."

"Na ji ka," in ji yayan a hankali. "Na ɗauka wata ce ke wucewa."

Yanzu Kanari ne ke tura yayansa a keken guragu zuwa bakin ƙofa kowace safiya. Tun daga ranar, ba wanda ya sake jin fitonsa.

Jama'a, yi wa matan mutane fito a hanya cin mutunci ne, ba wasa ba. Kuma duk wanda ya mayar da alamar gargaɗi abin wasa, ranar da zai buƙace ta ba wanda zai waiwayo.