Gashin Bakin Vangel

Ministan bai gama magana a talabijin ba Vangel ya kwashe da dariya har kofi ya sarƙe shi.

"Intanet kyauta a duk faɗin ƙasa! Mutanen da suka kasa cike ramin da ke bakin coci? Ramin nan ya girmi jikata!"

Kowa a shagon kofin Spase ya dara. A ƙauyen Virovec babu wanda ya ɗauki maganar da gaske. An yi musu alkawarin kwalta, an yi na asibiti, an yi na motar safa, abin da ya iso kawai hotunan 'yan takara ne. Mai son ganin fuskar ɗansa da ke Jamus a waya sai ya hau tudun makabarta, ya ɗaga hannu sama yana laluben sabis.

Vangel tsohon manomin taba ne, kuma abu biyu aka san shi da su: musu da gashin baki. Gashin ya yi kauri, hayaƙi ya rine shi ya koma ruwan ɗorawa, ya rufe leɓe ruf, miya ba ta wucewa sai ta bar rabonta. Tun yana soja ya tara shi, kafin ma ya yi aure.

"To, in ya zo fa?" in ji Kire wanzami, yana kallon gashin da kwaɗayin mai sana'a.

"In ya shigo garin nan kyauta, ka zaunar da ni a tsakiyar dandali ka aske shi tas!"

Suka tafa a gaban shaidu. Matarsa Dosta tana bakin ƙofa da kwandon tattasai, ta zo kiransa cin abinci. Abin da ta ce kawai shi ne, "Taso, tsoho, wake zai huce."

Kaka ta shigo, ƙanshin gasasshen tattasai ya cika gari. 'Yarsu Zoritsa ta aiko da kwali daga Jamus. Dosta ta buɗe shi ita kaɗai, ta miƙa wa Vangel man gwiwa da cakulan. Daga ranar ta hana shi hawa tsanin rumfar sama inda suke shanya taba. "Da wannan gwiwar? Zauna, ni zan hau." Vangel ya je shago yana taƙama cewa matarsa ta mayar da shi ɗan gata.

Wata safiyar Asabar wayar Spase mai shagon ta yi ƙara a cikin shago, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya duba, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Ga shi a rubuce: Intanet Kyauta Ga Kowa. Ba lambar sirri, ba komai.

Kafin rana ta take dandali ya cika. Tsohuwa Menka ta ga jaririyar ɗanta karon farko, tana kuka tana sumbatar gilashin waya. Fadan coci ya zauna a gefen rijiya yana kallon ƙwallo, ya ce wai gwaji yake yi.

Vangel ya fito yana huci. "Duk ƙasa suka ce! Wannan ko gidan Menka bai kai ba. Kuma ina ministan? Mutanen da in sun sa ƙwan fitila ɗaya sai sun zo da 'yan jarida?"

"Wataƙila sun koyi kunya," in ji Kire. "Kai dai garin nan ka ce, maƙwabci. Na wasa askata."

Abin haushin, sabis ɗin ya fi ƙarfi a bencin da ke jikin katangar Vangel. Nan maza suka tare, suna leƙo tagarsa suna yi masa alamar almakashi da yatsu. Ranar da wutar layinsu ta ɗauke, intanet ɗin ma ya ɗauke, Vangel ya fito yana rawa. Wuta ta dawo, intanet ya dawo, ya koma ciki.

Ya nemi shawarar Dosta ko akwai mafita.

"Gaban maza ka yi magana," ta ce tana murza tattasai. "Ni me na sani?"

Ranar Lahadi bayan coci aka kafa kujera a dandali. Har mai kiɗan akodiyon ya zo. Vangel ya zauna ya runtse ido kamar za a cire masa haƙori. Kire ya shafa kumfa, ya ja aska, gashin ya zube a kan tawul, jama'a suka yi shewa.

Sai shewar ta tsaya. Mutumin da ya tashi daga kujerar kamar ƙanin Vangel ne. Ashe yana da 'yar lotsawa a leɓe, ashe in ya yi murmushi ana gani.

"Sanyi nake ji," ya ce yana shafa wurin.

Dosta ta daɗe tana kallonsa, kumatunta suka yi ja. "Ashe haka kake," ta ce a hankali. Dandali ya sake ɓarkewa, Vangel kuwa ya rasa inda zai sa kansa don daɗi. Da yamma ya sa sabuwar riga ya tafi shago, yana faɗa wa kowa cewa dama ya daɗe yana tunanin askewa.

Dosta ta jira har ya sha kwana, sannan ta hau tsani da waya a aljihu, ta kira Zoritsa.

"Ya aske?"

"Tas! Tun ranar aurenmu nake roƙonsa," in ji Dosta, tana ɗaga ganyen taba daga kan ɗan farin akwatin da fitilarsa ke ƙyaftawa. "Ki ce wa mijinki na'urar intanet ɗin da ya sako a kwalin ta yi aiki, kuma zan bar ta a kunne saboda Menka."