Kujerar Tafinta

Ɗakin ba shi da taga. Tebur ɗaya ne da kujeru uku, kuma in likita ya zauna, kujerarsa ce ke tare ƙofa. Tun a waje Tafinta ta roƙi a musanya ta da wani, aka ce yau ita kaɗai ce mai jin Hausa a bakin aiki. Haka ta shigo, ta ja kujerarta zuwa hannun daman tsohon da aka kawo ganin likita, ta ɗora littafinta a cinya.

Dokar aikin ba ta da wuyar faɗa. Abin da aka ce shi za ka ce, ba ragi ba ƙari. In mara lafiya ya ce "ni", kai ma "ni" za ka ce. Ra'ayinka kuwa, ka ajiye shi a waje kafin ka shigo. Shekara takwas tana wannan aiki, ta isar da albishir, ta isar da mugun labari, ba a taɓa kama ta da kalma ɗaya ta kanta ba.

Likita ya ɗaga hoton ƙirjin tsohon. Jijiyoyi biyu na zuciya sun toshe. Akwai gurbi a ɗakin tiyata gobe da safe, in ya wuce sai bayan wata biyu, kuma wannan zuciya ba ta yi kama da mai jiran wata biyu ba. Abin da ya rage kawai tsohon ya sa hannu a takarda.

Ta juya maganar zuwa Hausa, idonta a kan littafi. Tsohon ya yi wani gunaguni cikin gemu.

"Speak up," in ji likita.

Kalmomi biyu ne da masu Turanci ke jefa wa mai magana ƙasa-ƙasa, su kuma jefa wa wanda ya ƙunshe magana a ciki yana nuƙu-nuƙu. Wannan likita kuwa yakan faɗe su sau goma kafin azahar. Tafinta ta buɗe baki za ta fassara, ta tarar tsohon ya riga ya gyara murya.

"Ba zan sa ba," ya ce.

Likita ya tambaya ko tsoron wuƙa ne. Tsohon ya ce wanda ya kai saba'in da uku ya wuce tsoron wuƙa. 'Ya gare shi guda ɗaya tal. In ta ce ya sa, zai sa.

Likita ya turo masa wayar tebur.

"Shekara shida ke nan ba ta ɗauki wayata ba," in ji tsohon. "Lokacin da uwarta ke jinya na ɓoye mata. Na ce kar kowa ya gaya mata, tana tsakiyar jarrabawar ƙaro karatu. Ta dawo ta tarar har an share makoki. Ni na yi shirun, ita kuma ta rama da irinsa. Ban ga laifinta ba."

Tafinta ta mayar da shi Turanci tsaf, da "ni" ɗinsa da komai. Ni na ɓoye mata. Ni na yi shirun. Haushi ya kama ta, irin wanda ba wurin sauke shi, ga tausayi ya biyo baya ba ta gayyace shi ba. Ta dubi ƙofa, ta ga bayan kujerar likita. Ta dubi hannun tsohon a kan gwiwarsa, ya rame, agogon har yana yawo a wuyan hannun.

Likita mutum ne mai layin marasa lafiya a waje. Ya ce ba ya tilasta kowa, amma ƙarfe biyu na yi zai ba wani gurbin. Ya zura takardar rabi cikin fayil, ya yi tambaya ta ƙarshe. Tafinta ta isar.

"A ba wani," tsohon ya ce. Bai dubi likita ba.

Kalma uku ne kacal. Ta fassara waɗanda suka fi su nauyi ba tare da ta ƙifta ido ba. Amma waɗannan suka gagare ta. In ta faɗe su, fayil zai rufe. In ta ƙi faɗa, ta ci amanar aiki. Na'urar sanyaya ɗaki na ta kukanta.

Likita ya ɗago, ya ga leɓenta na motsi ba sauti. Karon farko a shekara takwas, ita aka jefa wa kalmomin nan biyu.

Ta rufe littafin. Ba likita ta fuskanta ba.

"Baba, ka sa hannu," ta ce da Hausa. "Magana tana nan, ba ta ƙare ba. Amma ka sa hannu tukuna."

Likita ya haɗe rai. Bai ji Hausa ba, amma ya san bai ce komai ba da za a fassara. Ya tambaye ta me ta gaya wa mara lafiyarsa, kuma da izinin wa.

Tafinta ta kasa ɗago kai. Tsohon ne ya jawo takardar daga fayil, ya zaro biro daga aljihu, ya amsa da Turanci garau, wanda ya shekara talatin yana koyarwa a aji: "Cewa ta yi in sa hannu, likita. Ba don rashin Turanci na nemi tafinta ba. Ka yi mata afuwa, 'yata ce."