Allon Bakin Gari

Ranar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano kowa ya tafi taro, har direba da maigadi. Ni da Baba kaɗai muka rage a gidanmu na Nassarawa. Bayan la'asar ya ɗauko hoton ƙauyen Amurka da ya zauna lokacin karatunsa.

Ya ce, "Jirgin ƙasa ne ya kafa garin. Da ya daina tsayawa, mutane suka watse. Wannan rumbun masarar nake fuskanta in yi sallah."

Ya nuna mini allon bakin gari, inda ake rubuta yawan mazauna.

"Baba, da ka taho sun rage mutum ɗaya?"

"Mamana, ai da ma ba su saka ni ba."

Dariya na yi a lokacin. Yanzu ba na iyawa.