Mai Rubuta Allunan Jami'a

Alhaji, ka ce 'yarka ba za ta karɓi gurbin ilimin ƙasa ba, sai ta zauna gida har a ba ta likitanci. To, saurara in ba ka wani misali.

Na san wani ɗan manomi mai kai, da jami'a ta ba shi gurbi a tsangayar noma. Ranar da takardar ta iso, mutanen ƙauyensu suka yi ta dariya a bakin masallaci, suna cewa wanda aka haifa da fartanya a hannu, me zai je birni koyo? Kunya ta kama shi, ya ninke takardar ya jefa a adaka, ya rantse in ba likitanci ba sai dai ya haƙura. Sau huɗu ya zauna jarrabawa. A na biyu aka ba shi harhaɗa magunguna, ya ce shi ba mai kemis ba ne. A na uku koyarwa, ya yi tsaki. A na huɗu ko kallonsa ba a yi ba. Da yake hannunsa na da kyau, sai ya koma rubuta alluna da fenti.

Bayan shekara ashirin, jami'ar nan ta ɗauke shi aikin sabunta allunanta. Wata biyu yana zaga ta da tsani a kafaɗa. Ya rubuta shari'a, ya rubuta injiniyanci da harsuna da likitancin dabbobi, har da sassan da bai taɓa jin sunansu ba, kowanne da ƙofarsa, kuma ba wadda yake da ikon shiga. Allon noma ya bari ƙarshe. Yana kan tsani sai ya jiyo malama ta taga tana koyar da yadda ake kashe wuta-wuta, ciyawar da ta cinye dawar mahaifinsa har tsohon ya sayar da gonar. Ya tsaya yana saurare, fenti na bushewa a burushi, har aka tashi darasi. Ya ce mini bai taɓa son wani abu a duniya kamar benci ɗaya a ajin nan ba. Allon da ake gamawa da hantsi, kwana uku ya yi a kansa.

Saboda haka, Alhaji, ka bar yarinya ta je ta yi rajista kafin a rufe. Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido.